Motar da Ba Ta Tari

A takardar da aka raba ranar jana'izar uwata, an rubuta cewa ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Ƙarya ce. Ni Damaris, 'yarta ta fari, ina cikin gidan ranar da abin ya faru, kuma ni na wanke zanen da ke jikinta. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya. Ƙosai da doya nake soyawa a bakin titi a Kakau, don haka kada wani ya nemi iya magana a wurina. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Mama tana zaune ne a Gonin Gora, a gidan ƙanena Nelson da matarsa Vicky. Ciwon yanar ido ya rufe mata ido duka biyu, haske da duhu kawai take bambantawa. Amma kunnenta garau yake. Kafin in taɓa ƙofa take cewa, "Damaris, yau ma da wannan silifas ɗin?" Wurin zamanta gindin mangwaron tsakar gida, kan tabarma, da faranti a cinya tana ɓarar agushi. A gefen nan Nelson yake ajiye tsohuwar motarsa, wata akwala da sai ta yi tari sau uku kafin ta tashi. Da Mama ta ji tarin farko, sai ta ɗauki faranti, ta ja tabarma zuwa jikin bango, ta ɗaga hannu ta ce, "Ubangiji ya kai ka, ya dawo da kai." Shekara shida ana haka. Babu wanda ya taɓa ce mata ta matsa. Motar ce take gaya mata.

A watan Fabrairu Nelson ya sayar da akwalar ya kawo sabuwa. 'Yar Kwatano ce, amma fara sol kamar yau aka ƙera ta. Ina zaune kusa da Mama ya shigo da ita. Ta wuce mu ta tsaya, Mama ba ta ko ɗaga kai ba, sai da ya rufe ƙofa ta zabura har agushi ya zube.

"Wane ne?"

"Ni ne, Mama. Da sabuwar mota na shigo."

"Turo ta aka yi?"

Nelson ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce haibirid ake ce mata. Tana shan fetur, tana kuma da babban batir. In tana tafiya a hankali, batir ne yake jan ta, injin yana barci. Ya ce man da yake ƙonawa a mako yanzu zai kusa kai shi wata.

Mama ta ce, "Abin da ke shiga gida ba sallama, ni maciji kawai na sani."

Muka yi dariya. Har da ni.

Ta ce a kai ta ta sa albarka. Na riƙe hannunta, ta shafa jikin motar tun daga fitila har baya tana addu'a. Tana gaba, Nelson yana biye da tsumma yana goge inda hannunta ya taɓa. Ita ba ta gani ba. Ni na gani, na ce a raina zumuɗin sabon abu ne, zai wuce.

Tun kafin Kirsimeti likitan ido ya ce yanar Mama ta nuna, ana iya cire ta, a dawo da ita a yi gwaji a sa rana. Nelson ya ce a jira sabuwar mota, kamar sarauniya zai kai ta. To mota ta zo. Na tuna masa. Ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, kin ga kujerun nan ruwan madara ne. Kin kuma san Mama, wani lokaci fitsari yakan kubce mata. Ga man zafin da take shafawa. Bari a sa wa kujeru riga tukuna. Mako ɗaya ne."

Ranar Asabar suka ce za su Kakuri sayen kayan mota. Ni ma ina da sayen wake da mangyaɗa a can, sai na bi su. Vicky ta shimfiɗa mini jarida a kujerar baya, wai kayana suna ƙaurin suya.

Shagon wani Callistus muka je, mutumin kudu ne da ya daɗe a Kakuri har furfura ta fito masa a nan. Awa uku muka yi. Ban taɓa sanin mota tana da kayan ado kamar amarya ba sai ranar. Aka baza rigunan kujera a kan benci. Callistus ya ce su ɗauki mai duhu, ta roba mai kauri, wadda ko miya ta zube sai a goge. Vicky ta taɓe baki ta ce wannan ai ta 'yan kabu-kabu ce. Ita ruwan madara take so, mai ɗinkin zare ruwan gwal, irin wadda ta gani a waya. Babu ita a shago, sai an aiko daga Legas. Suka ce za su jira. Aka zaɓi kafet ɗin ƙafa. Aka zaɓi baƙar ledar da ake manna wa gilashi, Nelson ya ce a sa mai duhun ƙarshe, wadda ko ka manna ido ba za ka ga na ciki ba. Aka zaɓi babban allo mai nuna fim da sifiku huɗu. Aka yi rabin awa ana gardama a kan ƙafafu masu ƙyalli, mai tsinke biyar ko mai tsinke goma. Har da wata fitila shuɗiya da ke kamawa a ƙasa in an buɗe ƙofa.

Callistus ya shiga motar ya sa ribas don ya gwada, ya leƙo da kai.

"Oga Nelson, kyamarar baya ta mutu fa. Sai an yi odar wata."

"Bar ta. Madubi uku gare ni."

"Da wannan baƙin gilashi? Akwai yara a gida?"

Nelson ya ce babu. Ni ce na ce, "Akwai tsohuwa. Ba ta gani."

Callistus ya dube ni, ya dubi Nelson. Ya fita ya shiga can cikin shago, ya dawo da wani ɗan baƙin abu da bai fi gwangwanin tumatir ba, da waya biyu a jiki. Ya taɓa wayoyin a kan wani batir da ke ƙasa. Abin ya fara ƙi, ƙi, ƙi, har mai lemo a tsallaken titi ta waiwayo.

"Ƙararrawar ribas," in ji shi. "Motar nan ba ta magana, Oga. Na san wani a Sabon Tasha da ya taka akuyarsa a gida, akuya fa, mai ido biyu. Ka yi mini ciniki mai kyau yau, wannan shi ne gyararka. Ba na karɓar ko sisi. Minti goma na haɗa maka."

Nelson ya ɓata rai kamar an zage shi.

"Haba Callistus! Motar fiyawota ka ɗauke ni? In shiga ofis ina kuka kamar tifar yashi?"

Vicky ta ce, "Ai duk daɗin motar shirun ne. In da surutu muke so, da ba mu sayar da waccan ba."

Nelson ya ce in dai gyara ce, a canja masa da rigar sitiyari da turaren mota. Callistus ya ba shi. Amma da muka tashi tafiya, ya jefa ƙararrawar a cikin jakata ya ce, "Madam, riƙe. Ki yi masa magana a gida. Wataƙila ya ji taki."

A bas na koma Kakau ranar, don an ce jarkar mangyaɗa ba za ta shiga but ɗin motar ba.

Daga nan kwanakin Mama suka fara lalacewa.

Na farko mangwaro ne. Tsuntsaye suna kashi a kan mota, kuma wata rana ɗanyen mangwaro ya faɗo ya lotsa rufin kaɗan. Sai da Nelson ya karkata kai ya nuna mini da yatsa kafin na ga wurin. Ranar Laraba aka kawo mai inji ya yanke itacen. Mama ce ta dasa shi da hannunta shekarar da aka sayi filin. Tana ɗaki tana jin ƙarar injin. Da na zo ta ce mini, "Bana ya yi 'ya'ya sosai, na ji ƙamshin furensa." Shi ke nan abin da ta faɗa.

A wurin aka kafa rumfar ƙarfe mai shuɗin tamfol, aka shimfiɗa bulon intalok a ƙasa. Rumfar ta fi motar tsawo kaɗan. In Nelson ya shigo, yakan sa hancin motar a jikin bango, bayanta yana kallon get. Ɗan ragowar inuwar da ke bayan motar, daidai inda mangwaron yake a da, ita ce kawai inuwar da ta rage a tsakar gidan.

Ga watan Maris ya shigo da zafinsa. Ɗakin Mama a baya yake, rufin kwano ba silin, da rana kamar an sa mutum a tanda. Falo kuwa Vicky takan kulle in za ta shagonta na gyaran gashi, wai Mama tana laluben bango tana ɓata fenti. To ina za ta zauna? Ƙafarta ta san taku goma sha biyu daga ƙofar ɗakinta zuwa gindin mangwaro. Shekara shida tana yin su. Can take zuwa ta shimfiɗa tabarma.

Lahadin da aka kai mota coci don Fasto ya yi mata addu'a, tun da safe Mama ta yi wanka ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta riƙe littafin waƙoƙinta ko da yake ba ta ganin rubutun. Ta zauna a bakin ƙofa tana jira. Nelson ya ce rigar kujera ba ta iso ba, kuma rana ta yi zafi, Mama ta huta, za a yi mata addu'a daga can. Suka tafi. Ba ta ji fitarsu ba. Maƙwabciyarsu Grace ce ta leƙo wajen sha ɗaya ta same ta a zaune, Mama ta tambaye ta, "Har yanzu ba su gama shiri ba?"

Da Grace ta gaya mini, na je na sami Nelson na ce ni zan kai Mama asibitin ido a keke napep, ba sai an jira riga ba.

"Keke? Yaya, so kike a zage ni a unguwa? A ce Nelson yana da mota irin wannan, uwarsa tana gararamba a keke?"

"To ka sa ta a motar."

"Na ce miki riga tana hanya."

Rigar ta zo. Vicky ta buɗe ta ce ba wannan ruwan madarar ba ne, wannan ya yi kama da ruwan kunu. Aka mayar. Ranar gwajin da likitan ido ya ba mu ta wuce. A nan ni ma ina da laifi, kuma ba zan ɓoye ba. Da na ɗauki uwata na sa a keke, wa zai kama ni? Amma na ce gidansa ne, shi ne namiji, shi ya yi karatu, kada in jawo faɗa. Na bi maganarsa.

Bayan kwana kaɗan na zo na tarar da sandar Mama a karye gida biyu. Na tambaye ta. Ta ce ba komai, ita ce ta ajiye ta a hanya. Grace ce ta faɗa mini gaskiya: Nelson ya yi baya zai fita, taya ta bi ta kan sandar, tsakaninta da ƙafar Mama bai kai taki ɗaya ba.

Ranar ban koma Kakau ba sai da ya dawo daga aiki. Na fito da ƙararrawar na ajiye a kan tebur gabansa.

"Gobe ka kai a sa wannan."

"Daga ina kika samo wannan tarkacen?"

"Callistus ya ce minti goma ne."

"Callistus ɗan kasuwa ne, ba injiniya ba. Wayoyin haibirid ba abin wasa ba ne. A taɓa waya ɗaya ba daidai ba, batir ya ƙone. Yaya, akwai abubuwan da ba za ki gane ba."

"Amma da za a sa talabijin da fitilar ƙasa, an taɓa waya ko ba a taɓa ba?"

Vicky ta amsa daga kicin.

"Anti, ai mun gaya wa Mama ta daina zama a wurin. Sau nawa? Tsufa ne kawai da taurin kai."

"A ina za ta zauna? Kin taɓa shiga ɗakinta da ƙarfe biyun rana?"

"Za a sa mata fanka."

"Da wace wutar?"

Nelson ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ya ce zai riƙa yin hon kafin ya motsa, kuma zai riƙa zagayawa ya duba. Ya rantse. Na ce to. Na kai ƙararrawar ɗakin Mama na ajiye a kan taga, na ce mata duk ranar da ya sauko daga dokin girman kai, ga ta nan.

Mama ta kama hannuna ta ce, "Ki bar shi ya ji daɗin abinsa. Ya sha wahala kafin ya samu."

Grace ta ce kwana huɗu ya yi yana hon. A na biyar yana sauri. Daga nan ya manta.

A makonnin nan Mama ta rame. Ta daina ɗaga hannu ta sa albarka, don ba ta sanin lokacin da ya fita. Wani lokaci tana zaune tana yi masa magana, alhali ya kai Kakuri. Wani lokaci kuma iska ta kaɗa tamfol, sai ta zabura ta ja tabarma da sauri, ta tsaya a jikin bango cikin rana tana jira, babu abin da ya motsa. Na taɓa samun ta a haka, gumi yana zuba, faranti a ƙirji. Ta ce, "Damaris, ta fita ne ko tana nan?" Na ce tana nan. Ta ce, "Ni yanzu tsoron gidan nan nake ji."

Asabar ɗin da ta zo kafin Ista na je da safe don in wanke mata kai in yi mata kitson coci. Na bar ta a inuwar bayan mota tana ɓarar agushi, na zagaya bayan gida na hura gawayi na ɗora ruwa. Wajen sha ɗaya na ji wayar Nelson ta yi ƙara a falo. Na ji yana cewa, "Ta iso? Ainihin kalar? Ga ni nan yanzu." Callistus ne, rigar kujera ta zo. Na ji ƙofar mota ta rufe. Na ji kiɗa ya tashi a ciki, can ƙasa-ƙasa, don gilashi a rufe yake.

Ban tashi ba. Ina jiran in ji hon, ko in ji inji. Kunnena ma irin na Mama ne, da akwalar ya saba.

Abin da na ji shi ne ƙarar faranti. Sai muryar Mama sau ɗaya, "Yesu!"

Da na zagayo da gudu, tayar baya ta riga ta hau ta sauka. Mama tana kwance a gefe, ƙafarta ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, agushi ya watsu ko'ina, jini yana bin tsagin intalok. Sai da na daki gilashi da hannu biyu kafin ya tsaya, don shi a zatonsa dutse ya taka.

Ba zan yi masa ƙarya ba. Da ya fito ya gani, ya yi ihu, ya durƙusa yana "Mama! Mama!" Na ce ya buɗe baya mu sa ta. Ya tashi ya buɗe ƙofar. Fitilar nan shuɗiya ta kama a ƙasa. Ya dubi kujera. Ya dubi jinin. Ya juya ya ce, "Vicky, kawo leda da tsohon zanen gado."

Ko zan manta sunana, ba zan manta wannan ba.

Vicky ta shiga ciki tana neman leda. Ihuna ya riga ya tara mutane. Wani mai keke da ke layin, Malam Zakariyya'u, ya shigo har cikin get da kekensa, bai tambayi kowa ba. Ni da shi da Grace muka ɗauki Mama. Nelson yana cewa a dakata, ga leda nan zuwa. Na ce masa ya shimfiɗa wa kansa. Na rungume ta a cinyata, duk ramin da muka faɗa sai ta matse hannuna. Har yau ina tambayar kaina ko da na jira minti biyun nan da ta fi samun sauƙin tafiya. Ban sani ba.

A asibiti likita ya tambayi abin da ya faru. Nelson, wanda ya biyo mu a motarsa, ya riga ni magana. Ya ce ta faɗi ne a tsakar gida. Likitan ya ɗaga zanen, ya dubi shatin taya a cinyarta, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe baki, Mama ta ja mini riga.

"Faɗuwa na yi, likita," in ji ta.

Ƙugu ya karye, cinya ta karye, kuma akwai jini a ciki. Kwana tara ta yi. Ni ce a gefenta, na rufe kaskon ƙosai. 'Yan zumuntar mata suna zuwa su yi mata waƙa, tana motsa baki. Nelson yana zuwa da yamma da lemo da madara, ya tsaya a ƙarshen gado, ba ya iya kallon fuskarta. A baranda kuwa ina jin abin da ake faɗa wa masu zuwa dubiya. Vicky tana cewa, "Mun yi ta gaya mata." Kawunmu da ya zo daga ƙauye yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wani dattijon coci ya ce Shaiɗan ne ba ya son ganin ci gaban ɗan Allah, shi ya sa ya biyo ta kan motar. Kowa ya samo wanda zai ɗora wa: tsufa, tsautsayi, Shaiɗan. Babu wanda ya ambaci ɗan baƙin abin da ke kan tagar Mama.

A rana ta bakwai hankalinta ya dawo sosai. Ta sa na rantse ba zan kai ɗanta wurin 'yan sanda ba. Na rantse. Ta rufe ido, na ɗauka barci ne. Can ta ce, "Damaris, ina ta saurare fa. Wallahi ina saurare. Me ya sa ba ta yi tari ba?"

Ranar Litinin da hantsi ta cika.

Callistus ya zo gaisuwa. Ya zauna a kan benci a waje, bai ci abinci ba, bai ce komai ba sai "Sannu, Madam." Da zai tafi ya tsaya ya daɗe yana kallon bayan motar.

Ranar da za a kai ta ƙauye, gawar tana motar asibiti, motar Nelson ce a gaba tana jan layi. An wanke ta tana ƙyalli. Rigar kujera ta hau, ruwan madara mai zaren gwal, ainihin kalar. Vicky ta ɗauko babban hoton Mama mai firam, wanda ta sa zanen zumunta, ta zaunar da shi a kujerar gaba, ta ja bel ta ɗaure shi don kada ya faɗi. Mutane suna cewa, "Kai, Nelson ya yi wa uwarsa gata." Ranar ce kaɗai Mama ta shiga motar nan. Hoto ba ya fitsari.

Kawu ya kira ni gefe bayan an rufe kabari, ya ce asirin gida a gida yake zama, in yi haƙuri, ɗan'uwana ne, shi kaɗai gare ni. Na ce na ji. Alkawarin da na yi wa Mama na riƙe, ban je wurin hukuma ba kuma ba zan je ba. Amma ba zan bari jikokinta su girma suna karanta cewa ciwo ne ya kashe ta ba. Ba kuma zan ce mota ce ba. Mota ƙarfe ce, yadda aka ƙera ta haka take. An ba ɗanta abin da zai tsare ta kyauta, a tafin hannu, ya ce a canja masa da turare. An sare mata inuwa don kada tsuntsu ya ɓata fenti. An hana ta ganin likita don kalar riga. Duk wanda ya yi haka bai ɗauki wuƙa ba, kuma kowace Lahadi yana layin gaba a coci. Ku da kuke da tsofaffi a ɗakin baya, ku je ku shiga ɗakin da ƙarfe biyun rana, ku zauna minti goma, sannan ku fito ku dubi abin da kuke gogewa da tsumma.

Bayan wata ɗaya na je Gonin Gora kwashe kayanta. Ba su da yawa: tabarma, zannuwa, littafin waƙoƙi, da farantin nan da ya lanƙwashe, wanda Grace ta ɓoye mini. Na duba kan taga, ƙararrawar ba ta nan.

Na ɗaura kayan a kai na fito. Nelson yana cikin mota zai fita. Sai na ji ƙi, ƙi, ƙi, ta cika gidan, har karen maƙwabta ya amsa. Motar ta yi baya a hankali ta bi ta kan wurin da mangwaro yake. Ya tsaya kusa da ni ya sauke baƙin gilashin. Ya rame, idonsa ya yi ja.

"Na sa, Yaya," in ji shi.

Na ce, "Batir ɗin ya ƙone?"

Ya girgiza kai.

"Minti nawa aka yi ana haɗawa?"

Ya daɗe yana kallon sitiyari da sabuwar rigarsa.

"Goma."

Ya ce in shigo ya kai ni Kakau. Na gyara kayan uwata a kai, na fita titi na tsayar da keke.